Fuskar Shago Ta Wa Ce? Nazarin Gyaran Wani Layin Shaguna a Jihar Kebbi

Shaguna 24 ne a jere, daga bakin tasha zuwa ƙofar kasuwa, duk suna kallon gabas. Layin yana cikin ɗaya daga hedikwatocin ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi. Ba zan kira sunan garin ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma gobe ma sahu ɗaya za mu tsaya a masallaci. Ni nake riƙe wa ƙungiyar 'yan layin littafi, saboda haka fom ɗin kowa ta hannuna ya bi, rasit ɗin kowa na gani. Kawuna kuma, ƙanen mahaifiyata, ya shekara goma sha huɗu yana ɗinki a shago na goma sha ɗaya.

Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da kallon gabas yake jawo wa bango. Hadari daga gabas yake tasowa, ruwan ya zo a karkace da iska ya doki fuskar gini kai tsaye. Daga Yuni zuwa Satumba bango yana shan duka, a Agusta ko bushewa ba ya samu. Hunturu ya zo ya lulluɓe shi da ƙura, zafin Maris da Afrilu ya tsattsage filasta. Kakanninmu masu ginin ƙasa sun san haka, shi ya sa duk shekara kafin ruwa ya sauka ake sabon yaɓe, mai hali ya sa makuba, a duba indararo. Tsohuwar fadar Argungu da ta koma gidan tarihi na Kanta a 1958 ba ƙarfin gini kaɗai ya tsayar da ita ba, hannu ne ba a ɗauke mata ba. Da bulo da siminti suka zo sai muka ɗauka wannan wahala ta ƙare, gini ya zama abin da ake yi sau ɗaya a manta da shi.

Haka layinmu ya lalace a hankali. Gindin bango ya yi baƙi har gwiwa, filasta tana zubowa. Kwanon baranda ya yi tsatsa, inda iska ta yaye an ɗaura buhu ko leda. Dakalin wani ya fi na maƙwabcinsa tsawo, tsoho sai ya sauka titi ya zagaya. Lambatun da ke gabanmu ya cika da yashi da ledar ruwa har ba a gane bakinsa.

Tayin ƙaramar hukuma

A farkon 2024 aka kira shugabannin layi zuwa sakatariya. A lokacin kason da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira, tun bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.6 cikin ɗari suke da shi a wannan asusu. Shugabannin namu sun so a ga wani abu a ƙasa, kuma babu inda ido ya fi sauka kamar hanyar tasha zuwa kasuwa.

Shawarar ta fito ne daga wani matashin ma'aikaci a sashen ayyuka, wanda ya karanci tsara birane. Na zauna da shi sau da yawa, kuma na shaida da zuciya ɗaya ya kawo ta. Abin da ya karanta gaskiya ne. A Amurka, da manyan kantunan bayan gari suka kwashe ciniki daga tsakiyar ƙananan garuruwa, wata ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta fara gwaji a garuruwa uku a 1977, a 1980 aka buɗe cibiya ta ƙasa ga shirin da suke kira Main Street. Cikin dabarun da suka yaɗu a can akwai tallafin gyaran fuskar shago: mai gini ya yi aikin da kuɗinsa, ya kai shaida, hukumar gari ta mayar masa da wani kaso, galibi rabi, zuwa wani iyaka. Ingila ma ta ware fam miliyan 95 ga tsofaffin titunan kasuwa sama da 60 tsakanin 2020 da 2024.

Shi wannan tsari aka ɗauko. Mai shago ya gyara gaban shagonsa cikin wata uku, kafin ruwa ya sauka. Ya kawo rasit, a mayar masa da rabi. Launi ɗaya za a shafa, ruwan madara sama da ruwan ƙasa a gindi. Duk abin da ya fito ya wuce baranda a cire shi. Shaguna kuma za a ba su lamba.

Ta fuskar doka babu abin cewa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido kan shaguna da kes-kes da allunan talla, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Aikinta ne. Mu ma mun yi murna, don ba mu taɓa ganin ranar da mai yankar tikiti zai zo da wani abu ban da littafin karɓa ba.

Ana cikin karanta sharuɗɗan Kawu ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, wanga mai shago da anka rubuta ga takarda, wa anka nufa? Mai ginin, ko mu da muke wuni ciki?"

Aka yi dariya, aka ce ai duk ɗaya ne, a je a daidaita. A ganina duk abin da ya biyo baya daga wannan tambaya ya fito, kuma ba a amsa ta ba.

Mutum uku a shago ɗaya

Takardar ta ɗauka kowane shago mutum ɗaya ke gare shi. A layinmu ba haka ba ne. Takwas na ƙaramar hukuma ne, ita ta gina su tun da daɗewa take ba da haya. Shida masu su ne a ciki suna ciniki. Shida, har da na Kawu, na wani Alhaji ne da ya koma birni, wakilinsa ke zuwa karɓar haya sau ɗaya a shekara. Huɗu na magada ne, mahaifinsu ya rasu ba a raba gado ba. Wato a shaguna 18 cikin 24, mai gini daban, mai wuni a ciki daban.

Sannan akwai mutum na uku da takardar ba ta san da shi ba sai a matsayin abin da za a kawar: ɗan baranda. Mai cajin waya, mai POS, mai goro, mai faci, mai gyaran agogo, mai shayi a ƙarshen layi. Su goma sha ɗaya ne a littafina. Kowannensu yana yankar tikitin ƙaramar hukuma kullum, kuma yana ba mai shagon da ya raɓa wani abu duk wata. Abin da mai cajin waya yake ba Kawu shi ne Kawu yake tarawa ya cike kuɗin haya. Baranda ba ado ba ce a wurinmu, gona ce.

Fom ɗin ya nemi takardar mallaka. Kusan babu mai takardar gwamnati a layin, abin da ke hannun mutane takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan an warware shi da sauri, aka yarda da wasiƙar hakimi. Na magada ne ya gagara. Su tara ne, uku ƙanana. Babban wansu ya zo wurina da dare ya ce shi ba zai taɓa kuɗin hayar ya zuba a bango ba, gobe a ce ya ci dukiyar marayu. Bai yi ƙarya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Masu haya a shagunan sun ce za su yi aikin a cire musu a haya, amma babu mai ikon sa musu hannu. Shaguna huɗun nan, waɗanda suka fi kowane lalacewa a layin, ko fom ba su cike ba.

Abin da rasit ya yi

Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, don ban taɓa zaton ƙaramin sharaɗi zai juya aiki gaba ɗaya haka ba.

Mai kemis, wanda shagon nasa ne, ya kira wani tsohon magini ya duba masa. Ina tsaye. Tsohon bai kalli sama ba ko sau ɗaya. Ya tsuguna, ya zaro makullin babur ɗinsa ya soka a gindin bango, makullin ya shige kamar cikin tuwo. Ya murza, yashi ya zubo masa a tafin hannu, da danshi, a tsakiyar rani. Ya miƙa wa mai kemis ya ce ya sansana.

"Alhaji, wanga bango ba fenti shika so ba. Ƙishirwa ba ta kashe gini, ruwa ka kashe shi. In kun shafa mai fenti haka, kitso da ƙwarƙwata kunka yi."

Ya bayyana yadda abin yake. Lambatu ya toshe, ruwa yana kwanciya a gindin gini, bulo yana tsotsarsa zuwa sama kamar lagwani, yana tafe da gishirin ƙasa. In ruwan ya bushe gishirin ya rage a cikin filasta ya ci ta. Fentin mai kuwa rufe bango yake yi, danshin ya rasa hanyar fita, sai ya kumburo ya ɓare. Maganin da ya ba da shi ne a sassaƙe filasta har gwiwa, a bar bango ya sha iska mako uku, a sake yaɓawa da siminti mai ƙarfi, a zuba dakali mai gangara zuwa titi, a ƙara wa kwanon baranda tsawo kamu ɗaya, a sa indararo ya kai ruwa nesa. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi araha.

To, duba lissafin. Mafi yawan wannan aiki ƙwadago ne: magini, lebura, mai kawo yashi, mai ɗebo ruwa, kafinta. Cikinsu babu mai rasit. Mai yashi da amalanke ina ya ga hatimi? Wanda ke ba da rasit shi ne mai kantin kayan gini, kuma abin da yake sayarwa fenti ne da tayil da ƙofar ƙarfe da siminti. Ma'aji ya ce shi ba zai biya abin da babu takarda ba, masu binciken kuɗi za su kama shi, kuma gaskiyarsa ne. Sakamakon shi ne duk naira da ka kashe wa gindin bango taka ce kai kaɗai, duk wadda ka kashe wa ado ana raba muku da hukuma. Mutane ba wawaye ba ne. Suka bi inda rabin yake.

A can inda aka ɗauko tsarin, ɗan kwangila yana da kamfani mai rajista, yana rubuta farashin aiki da na kaya a takarda ɗaya, banki yana ba mai shago rance ya fara. Rasit a can yana ɗaukar dukan aikin. A nan rabinsa yake ɗauka, kuma rabin da bai fi amfani ba.

Mun kai maganar lambatu sakatariya. Aka ce lambatu na titi ne, titin kuma ba na ƙaramar hukuma ba ne, kuɗin da aka ware na fuskar shago ne kawai. Haka tsarin hanyoyinmu yake, akwai na tarayya, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma, kuma babbar hanyar da ta ratsa gari ba kasafai take zama ta ƙaramar hukuma ba. Ruwan da ke kwanciya dai bai san wannan rabo ba.

Fara biya, a mayar maka

Sharaɗi na biyu da ya tace mutane shi ne a fara kashewa. A watannin nan ne buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, duk da ga kamfanin siminti na Kalambaina nan Sakkwato kusa da mu. Kwano da rodi da fenti duk suka bi shi. Mai ajiya a banki ya iya shiga. Wanda jarinsa ke cikin kayan da ke kan kanta, in ya cire ya sayi siminti, kantar ce za ta zama fayau.

Wa'adin kuma ya faɗa cikin azumi, wanda a shekarar ya kama daga Maris zuwa Afrilu. Tela a azumi ko barci ba ya yi, a nan yake samun abin da zai ci rabin shekara. A ce ya bari a kafa masa katako a ƙofa, ƙurar siminti tana sauka kan shaddar mutane, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Da an tambayi kowane tela a layin da ya faɗa cikin minti ɗaya.

Ga yadda aka ƙare. Shaguna takwas na ƙaramar hukuma an ba ɗan kwangila, ya shafe su cikin kwana huɗu, ko kankare tsohon fentin bai yi ba. Cikin shidan da masu su ke ciki, biyar sun yi, amma mai kemis da mutum biyu ne kawai suka bi maganar tsohon magini. Na shidan dattijo ne mai sayar da igiya da tabarmi, ya ce ba shi da abin farawa, kuma ba ya cin bashi. Alhaji ya aiko da ma'aikata daga birni bayan ƙaramar salla, suka manna tayil har sama, suka sa ƙofofin ƙarfe masu naɗewa, rasit ɗinsa ya fi na kowa tsabta. Na magada suna nan yadda suke, kamar giɓi a baki.

A takarda, 19 cikin 24. Duk wanda ya karanta rahoton zai ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma ranar da aka zo dubawa layin ya yi kyau ƙwarai. Ni kaina na tsaya tsallaken titi na daɗe ina kallo.

Bayan ruwa ya sauka

Kafin ƙarshen Agusta fentin shagunan hukuma ya kumbura daga ƙasa, yara suna ɓare shi da farce. Layin tayil na ƙasa a shagunan Alhaji ya fara sakin jiki, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Na mai kemis ko gezau. Ya ce mini tun da aka ƙara kwanon baranda rana ta daina shiga har kan kanta da safe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai magani, tunda yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da zafin digiri 30. Matafiya da ke jiran mota sun fi shigowa, mata da tsofaffi suna hawa dakalin ba tare da an riƙe su ba. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba na son a ɗauka ina cewa shirin bai haifar da komai ba. Inda mai gini da mai ciniki suka zama mutum ɗaya, kuma ya sami mai gaya masa gaskiya, shirin ya yi abin da aka ce zai yi.

Kuɗin mayarwa ya yi jinkiri. Shugabanci ya canza hannu, takardu suka kwanta, sai da muka yi ta sintiri. Cikin wannan jira ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta na 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jiha, muka yi ta fatan abin zai saki. An biya daga baya, kowa ya karɓi abin da aka rubuta masa. Amma a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, rabin da aka mayar bayan watanni ba rabi ba ne kuma.

'Yan baranda kuwa an tashe su tun kafin a fara fenti. Huɗu sun dawo a hankali, bakwai ba su dawo ba. Wanda aka fi jin rashinsa mai shayi ne. Fitilarsa ce take kai wa tsakar dare a ƙarshen layi, direbobi da 'yan dako suna zaune a bencinsa, babu mai taɓa kwaɗon shago a gaban idonsu. Da ya koma cikin tasha sai ƙungiya ta ɗauki maigadi na biyu, muna biya daga aljihunmu.

Shago na goma sha ɗaya

Bayan babbar salla wakilin Alhaji ya zo da sabon farashi. Haya ta kusa ninkawa, kuma ta shekara ce a dunƙule kamar yadda aka saba. Na yi ƙoƙarin duba abin ta idon Alhaji. Gininsa ne, ya kashe kuɗi, naira ta faɗi, ya shekara uku bai ƙara ba, kuma akwai masu jira a ba su shagon a sabon farashin. Babu dokar da ya karya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabin kuɗin tayil ɗin nan daga baitulmalin jama'a ya fito, cikinsa har da tikitin Kawu da na mai cajin wayar da aka kora. Kuma a fom ɗin mai shafi biyu, wanda ya faɗi launin fenti dalla-dalla, babu layi ɗaya da ya ce komai game da haya.

Kawu ya rasa ta biyu a lokaci ɗaya: haya ta hau, abin da yake samu daga baranda ya yanke. Dattawan layi sun je sun roƙa, aka ɗan rage, bai kai inda zai iya ba. Ranar da zai tashi na je taya shi. Keken ɗinki biyu, tebur, dutsen guga na gawayi, da madubin da ya kai tsawon mutum, muka ɗora a amalanke. Ya tsaya ya shafa sabon tayil ɗin da tafin hannu.

"Ɗana, aikin ya yi kyau, kada ka ce bai yi ba. Ni dai ba a yi shi da ni ba."

Shi da mai gyaran rediyo suka bar shagunan Alhaji a wannan shekara. Mai kayan waya ne ya shiga na Kawu, mutumin kirki, yana biyan kuɗin ƙungiya a kan lokaci. A littafin kuɗin shiga na hukuma babu abin da ya ragu.

Ya kamata a kashe kuɗin jama'a a nan?

Wani malamin firamare ya tare ni da wannan, kuma tambaya ce mai nauyi. Ajinsa babu silin, asibitin unguwarsu babu magani, kuma firamare da kiwon lafiya a matakin farko suna cikin abin da ƙaramar hukuma ke da hannu a kai. Me ya sa za a taya mai shago fenti?

Na yarda da shi fiye da rabi. In kuɗin na ado ne, a kai shi makaranta. Amma gaban shago ba na mai shago kaɗai ba ne. A inuwarsa mai jiran mota yake tsayawa, a dakalinsa makaho yake bi, ruwan kwanonsa kan mai wucewa yake zuba, in bangonsa ya faɗi kan ɗan wani zai faɗi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin akwai kame cuta. Mu 'yan layi masu zama a bakin hanya ne daga safe har dare. Sannan mai gini shi kaɗai ba ya cin moriyar gyaransa in maƙwabcinsa bai gyara ba, ruwan da ya kwanta gaban shagon magada yana ratsowa gindin na kusa da shi. Abin da amfaninsa na kowa ne kuma ɗaya ba ya iya shi shi kaɗai, irin wannan aka kafa hukuma dominsa. Sai dai kuɗin jama'a ya sayi abin jama'a, wato inuwa da hanyar ruwa da dakalin da kowa zai taka. Tayil mai sheƙi mai gini ya saya da kansa.

Da wannan muka zauna a ƙungiya bayan damina muka rubuta takarda, tare da matashin nan na sashen ayyuka, wanda shi ya fara cewa a sake lale. Mun nemi a daina maganar mayar da kuɗi, a ba da kaya: siminti da kwano daga sito, a kan ƙiyasin da sarkin magina ya sa wa hannu, mai shago ya ɗauki ƙwadago. Haka wanda ba shi da abin farawa zai iya shiga, ma'aji kuma yana da takardarsa. Kada a ba kowa gwangwanin fenti sai an ga gindin bangonsa da indararonsa. Duk mai ginin da ya karɓi kayan jama'a ya sa hannu gaban hakimi cewa ba zai ƙara haya ko ya tashi mai haya ba har shekara biyu, in ya saɓa ya biya kuɗin kayan. Wannan ne aka fi jayayya a kai, don masu gini biyu a cikinmu sun ce an shiga haƙƙinsu. Amsar da aka ba su ita ce babu wanda aka tilasta ya karɓa.

A shagunan hukuma takwas ma ba a bukatar fitar da ko kwabo: mai haya ya yi gyaran, a duba, a yafe masa hayar da ta yi daidai. Na magada kuma a nemi izinin alƙali a cire daga haya, tunda gyara kare dukiyar marayun ne. 'Yan baranda a ja musu layi a ƙasa, tebur kada ya wuce nan, a bar wa mai tafiya hanyarsa. Aiki kuma a sa shi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bango ya bushe, kuma a duba kada ya haɗu da azumi.

Lambatu ba mu jira kowa ba. Asabar biyu muka yi gayya, 'yan tasha suka ba da hannu, ƙaramar hukuma ta aiko da tifa ta kwashe abin da muka tono. A ƙasan yashin muka tarar da kwalbatin da yawancinmu ba mu san da shi ba, lafiyarsa lau, toshewa kawai ya yi. Daminar da ta biyo baya ruwa bai kwana gaban layin ba ko sau ɗaya, kuma baƙin da ke gindin shagunan magada, waɗanda ba a taɓa ba, ya ja baya da kusan taƙi guda.

Takardarmu tana sakatariya, an karɓa an buga mata hatimi. Kawu yana ɗinki a zauren gidansa, cikin lungu, tsofaffin masu kawo masa ɗinki suna bin sa har can, sababbi kuwa ba sa ganinsa. Ya ce in shago ya faɗi a na hukuma in sa sunansa. Na sa, shi ne na uku a jerin masu jira.